Sharhi: Wa ke da ikon karanta binciken da aka yi da kuɗin jama'a?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Afrilun 2015, lokacin da annobar Ebola ta fara lafawa a Gini da Saliyo da Laberiya, Dakta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a wancan zamani, ta rubuta wata maƙala a jaridar New York Times tare da abokan aikinta biyu. Abin da suka bankaɗo ya girgiza mutane. Ashe tun 1982 wasu masana Jamusawa suka wallafa bincike a wata mujallar kimiyya ta Turai, inda suka ga alamun ƙwayar cutar a jinin 'yan Laberiya, har suka yi gargaɗin a zauna cikin shiri. Jinin na 'yan Laberiya ne, gargaɗin ma dominsu aka yi shi, amma babu ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan. Likitan Monrobiya kuwa, in yana son karanta irin wannan takarda, sai ya biya dala 45, kusan albashinsa na rabin mako. Ba wanda zai rantse cewa takarda ɗaya za ta tare annobar da ta ci rayuka fiye da dubu 11. Amma ko ba komai, da an san da zamanta.

Ga yadda harkar take tafiya. Gwamnati ce ke biyan malamin jami'a albashi, ita ke ba shi kuɗin bincike daga harajin talakawa. Ya yi aikin, ya rubuta, ya miƙa wa mujalla ba tare da an ba shi ko sisi ba. Wasu malamai 'yan'uwansa su tantance aikin, su ma a kyauta. Sannan kamfanin ɗab'i ya kulle shi, ya sayar wa ɗakunan karatun jami'o'in da suka samar da shi tun farko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Manyan kamfanoni irin su Elsevier sun daɗe suna cin ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari a wannan kasuwa. Kuma kada a ɗauka matalauta kaɗai ke kuka: jami'o'in Jamus da dama sun zauna babu sababbin mujallun Elsevier daga 2018 har zuwa 2023 saboda rikicin farashi, Jami'ar Kaliforniya ma ta soke kwantiraginta da kamfanin a 2019 kafin su daidaita a 2021.

Wannan ne ya sa wasu masana suka haɗu a birnin Budafes na Hungary suka fitar da sanarwa a Fabrairun 2002, cewa sakamakon bincike ya kamata ya zauna a intanet kowa ya karanta kyauta. Sannu a hankali kiran ya karɓu. A 2018 wasu hukumomin ba da kuɗin bincike na Turai suka ɓullo da shirin da suka kira Plan S, wanda ya wajabta wa duk wanda suka ɗauki nauyinsa ya wallafa a buɗe. A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 suka amince da shawarar hukumar UNESCO kan buɗaɗɗiyar kimiyya, wadda ta wuce batun maƙala kaɗai, ta haɗa da bayanan da aka tattara da hanyoyin da aka bi. Mun ga amfanin hakan a zahiri lokacin korona. A Janairun 2020 Farfesa Zhang Yongzhen na Shanghai ya saki tsarin halittar ƙwayar cutar ga duniya, masu haɗa rigakafi suka kama aiki nan take. A watan Maris kuma ɗakin binciken Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ya fitar da na farko daga Afirka, shi ma a buɗe.

To ina matsalar? Kamfanonin ba su yi jayayya da yawa ba. Suka ce to, mai karatu ya daina biya, marubuci ya biya. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya ga mai son a buɗe aikinsa. Masu sauraro, ku juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa, sannan ku tuna albashin malami a Zariya ko Yamai. Gaskiya ne akwai rangwame, akwai ma yafiya ga wasu ƙasashe, kamar yadda shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sauƙaƙa karatun mujallun likitanci tun 2002. Sai dai rangwame alfarma ce, mai bayarwa ke tsara sharuɗɗanta, kuma yana iya janye ta. Jiya an hana malaminmu karantawa, yau an bar shi ya karanta na wasu amma nasa ba zai shiga ba. A ganina wannan ya fi na da haɗari, domin cutar gero da zazzaɓin Lasa da ƙafewar Tafkin Chadi, in mutanen wurin ba su rubuta su ba, wasu ne za su rubuta daga nesa.

Tsarin biyan ya kuma haifo 'yan damfara, wato mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya tura maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai ga mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Malami mai neman ƙarin girma cikin gaggawa shi ne abincinsu.

Akwai hanya ta uku, kuma ba mafarki ba ce. A ƙarshen shekarun 1990 Brazil ta kafa dandalin SciELO da kuɗin hukuma, Meziko ta biyo baya da Redalyc. A can jami'o'i da hukumomi ne ke ɗaukar nauyin yawancin mujallu, mai karatu ba ya biya, marubuci ma galibi ba ya biya. Mu ma muna da dandalin AJOL, wanda ya fara a 1998, yanzu yake da mazauni a Afirka ta Kudu, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun nahiyar, Nijeriya ce ma ke kan gaba a yawansu. Akwai na Jami'ar Bayero a ciki. Amma da yawa daga mujallunmu a wahale suke: edita ɗaya ne ke jan su da aljihunsa, fitowa sai ta kama.

Laifin rabi namu ne. Muddin kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i suna ba maƙalar da aka buga a waje maki fiye da ta gida ba tare da sun karanta ko ɗaya ba, malami zai ci bashi ya kai mafi kyawun aikinsa Turai, ya bar wa mujallar tsangayarsu ragowa. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu a Nijeriya da majalisar CAMES mai tantance malamai a Nijar da maƙwabtanta suna da ikon sauya wannan lissafi. Kuɗin buɗe maƙala ɗaya a Nature zai iya riƙe ƙaramar mujallar jami'a tsawon lokaci, a biya mai gyara, a biya mai kula da shafin intanet. Sharaɗin da ya kamata a gindaya shi ne tantancewa ta gaskiya, fitowa a kan kari, da ajiye kwafin duk binciken da aka yi da kuɗin gwamnati a rumbun jami'a inda ɗalibi zai same shi da wayarsa, tare da taƙaitaccen bayani da Hausa domin malamin gona da ma'aikaciyar asibitin ƙauye.