Gidan Glazer, Man United da rigimar wa ke sayo 'yan wasa

(An kwafo daga rikodin laccar da aka yi a wani zaman masu kallon ƙwallo. An bar maganar yadda ta fito daga bakin mai laccar.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, dattawan majalisa, 'yan uwa masoya ƙwallo, barkanmu da warhaka. Na ga 'yan Arsenal sun cika layin gaba tun kafin a fara, na san ba ilimi ya kawo ku ba, kun zo ne ku ji ana wanke Man United, toh ku gyara zama, za ku samu rabonku.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne wannan musun da ba ya ƙarewa a gidajen kallo da guruf-guruf na WhatsApp, duk ranar da aka ci United sai ka ji kashi uku. Wani ya ce koci ne bai iya ba a kore shi, wani ya ce 'yan wasan ne ba su da zuciya a sayar da su kaf a sayo ɗan gaba mai cin ƙwallo, na ukun kuma ya ce ai masu kulob ɗin ne marowata, Glazer ba sa sakin kuɗi. Ni wannan na ukun nake so mu fara da shi, domin shi ne ya fi kusa da gaskiya kuma duk da haka bai faɗe ta daidai ba.

Su waye ma Glazer ɗin? Malcolm Glazer attajiri ne ɗan Amurka, a 1995 ya sayi wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana rungumar ƙwallo a guje, sunanta Tampa Bay Buccaneers, a kan dala miliyan 192. Shekara goma bayan nan, a watan Mayun 2005, ya karɓe Manchester United a kan wajen fam miliyan 790. Ya rasu a 2014, 'ya'yansa shida suka gada, Joel da Avram su ne aka fi gani. To yadda ya saya ɗin nan ne asalin ciwon. Mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba, rance ya ciyo, sannan aka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin. Kamar mutum ne ya zo ya sayi shagonka da bashin banki, sannan ya ce wa bankin ga shagon nan shi ne jingina kuma cinikin shagon ne zai riƙa biyanku, shi kuma ya koma gefe yana jiran riba. Kulob ɗin da kafin zuwansu ba a bin sa bashi ya wayi gari da bashin da ya haura fam miliyan 500, wani ɓangare ma kuɗin ruwansa ya wuce kashi 14 cikin ɗari. Zuwa 2010 bashin ya haura miliyan 700.

Mutanen Manchester ba su yi shiru ba fa. A shekarar 2005 ɗin wasu suka yi fushi suka fice suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester, suka fara daga can ƙasan ƙasa. A 2010 aka fara ɗaura gyale kore da ruwan ɗorawa, kalar kulob ɗin ta asali lokacin yana Newton Heath, har Beckham da ya zo Old Trafford da AC Milan ya ɗauki guda ya rataya a wuya. A ranar 2 ga Mayun 2021, bayan rigimar Super League, sabuwar gasar da wasu manyan kulob-kulob na Turai har da United suka so kafawa, suka kutsa cikin filin har sai da aka ɗage wasa da Liverpool. Kun ga waɗannan ba surutun majalisa suka tsaya yi ba.

Amma a ce ba a sayo 'yan wasa? A'a, wallahi wannan ba gaskiya ba ne. Tunda koci Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 abin da aka kashe a kasuwar 'yan wasa ya haura fam biliyan 1 nesa ba kusa ba. Ku ƙirga da ni. Fellaini miliyan 27.5 a ranar da za a rufe kasuwa, Di Maria miliyan 59.7 a 2014 shekara ɗaya ya yi ya tattara ya tafi PSG, Pogba yaron gida ne ya tafi Juventus kyauta a 2012 aka sake sayo shi miliyan 89 a 2016 sannan ya sake komawa kyauta a 2022, ku ji fa, sau biyu kyauta. Alexis Sanchez, 'yan Arsenal na ga kuna murmushi, ku ma Mkhitaryan ɗin da kuka karɓa me ya tsinana muku. (dariya) Maguire miliyan 80, Sancho 73, Antony sama da 80. Kuɗi dai an zuba. Sai dai kuɗin na kulob ne, daga tikiti da riguna da talla da haƙƙin talabijin, har da kuɗin dish ɗin da mai gidan kallon nan yake biya duk wata, ba wai masu kulob ne suka ciro daga aljihu ba, su nasu ma ɗiba ne, daga 2016 an yi shekaru ana raba ribar hannun jari wajen fam miliyan 20 duk shekara kuma kaso mafi tsoka nasu ne, alhali rufin Old Trafford yana yoyo, har aka zo zaɓen filayen gasar Turai ta 2028 aka tsallake shi aka ɗauki na City.

To tambayar da ya kamata mu yi ita ce wa ya zauna ya ce a sayo waɗannan mutanen. A nan nake so ku bi ni mu tsallaka Amurka, domin abin mamaki yana can.

Ita gasar ƙwallon Amurka, wato NFL, ƙungiyoyi 32 ne, babu faɗawa ajin 'yan dagaji, ko ka zo na ƙarshe shekara biyar a jere kana nan. Ba a sayen yaro daga wata ƙasa kamar yadda muka saba. Duk shekara ana zama a jera matasan da suka fito daga jami'o'i, kowace ƙungiya ta zaɓa bi da bi har zagaye bakwai, shi ne diraf, kuma wanda ya fi kowa lalacewa a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, zakara shi ne na ƙarshe. Sannan tun 1994 akwai iyakar albashi, duk kuɗin maigidanka ba ka isa ka wuce ta ba, a 2024 dala miliyan 255.4 ce ga kowace ƙungiya. Ma'ana idan ka yi kuskure ka ba wani rago albashi mai nauyi, ba za ka iya rufe ɓarnar da sayo wani ba, dole ka zauna da abinka. Wannan tsarin shi ke tilasta wa mai ƙungiya ya nemo mutumin da ya san aiki ya damƙa masa, don kuɗi kaɗai ba sa fitar da kai.

Kuma haka Glazer suka yi a can. Tun 2014 mutum ɗaya ne, Jason Licht, yake riƙe da haɗa 'yan wasan Tampa. Ya yi kuskure, a 2015 su suka fara zaɓa suka ɗauki Jameis Winston kuma bai kai su inda ake so ba, amma ba a kore shi don wannan ba, ya ci gaba da tsinto yara a diraf bayan Mike Evans da ya ɗauka tun 2014, irin su Vita Vea, Devin White, Tristan Wirfs, sai da ƙungiya ta haɗu sannan a 2020 aka kawo babban suna guda ɗaya, Tom Brady, yana da shekara 43 ya ɗauko musu kofin Super Bowl a Fabrairun 2021, suka lallasa Kansas City 31 da 9. Shi kansa Brady ɗin a 2000 sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwaye shi, wannan kuma darasi ne ga masu cewa sai mai tsada. Ku lura da jerin, an gina tawaga tukuna, tauraro ya zo daga baya.

A Manchester kuwa, mutanen nan dai guda, me suka yi? Ferguson ya tafi, David Gill da yake shugaban gudanarwa shi ma ya tafi a shekara ɗaya, sai aka miƙa komai ga Ed Woodward, wanda asalinsa ma'aikacin bankin JP Morgan ne da ya taimaka musu wajen ƙulla cinikin 2005. Mutum ne da ya iya nemo kamfanonin talla, ba a ja, amma shi aka bari da cinikin 'yan wasa har 2022. United ba ta naɗa daraktan ƙwallo ba sai Maris 2021. Saboda haka kowane koci ya zo da salonsa a sayo masa nasa, Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, a kore shi, wanda ya biyo baya ya tarar da yaran da ba su dace da tsarinsa ba kuma albashinsu ya yi nauyin da ba mai iya saye, sai dai a tura su aro ana biyan rabin albashi. A Ingila ba wata doka irin ta Amurka da za ta matsa wa Glazer su yi hankali, muddin riguna na sayuwa kuma 'yan talla na zuwa lissafinsu bai ɓaci ba.

Yanzu bari in taɓa mu. Eh mu magoya baya. Ranar da aka ce Ronaldo zai dawo a 2021 waye a ɗakin nan bai yi tsalle ba? Ba wanda ya tsaya ya tambaya shin tawagar ɗan gaba mai shekara 36 take buƙata ko ɗan tsakiya mai tare gida, kowa ya san tsakiyar ce a buɗe a lokacin. Ya ci ƙwallaye, ban hana shi ba, amma ƙungiyar ta ƙare a ta shida, kuma a Nuwamban 2022 aka rabu baram-baram bayan hirar nan da ya yi a talabijin. Haka lokacin da aka aro Ighalo daga Shanghai a Janairun 2020, mun yi murna ɗan Najeriya na farko a United, ni ma na yi, amma kulob mai wannan girman ya kai ranar ƙarshe ta kasuwa yana neman ɗan gaban aro daga Sin, wannan alama ce ta ba shiri. Masu kulob sun gane mu sarai, da zarar an fara zanga-zanga sai a jefo babban suna, mu kuma mu koma gardamar lamba nawa zai sa. Brighton ta sayo Caicedo daga Ekwado a kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba ta sayar wa Chelsea miliyan 115, ranar da suka sayo shi ba wanda ya yi musu tafi a gidan kallo, don ba mu san shi ba.

Malam daga baya yana cewa ai yanzu Ratcliffe, attajirin Birtaniyan nan da ya sayi kaso a kulob ɗin, ya zo. Ya zo ranka ya daɗe, an sanar a Disambar 2023, ya karɓi kashi 27.7 a Fabrairun 2024 aka ba shi ragamar harkar ƙwallo, amma Glazer suna nan da rinjayensu kuma bashi yana nan. Shi ɗin ma ya fara da tuntuɓe, aka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi bayan ya ci City a wasan ƙarshe na kofin FA, aka sayo masa yara, a Oktoban 2024 aka sallame shi. Dan Ashworth da aka yi ta jan rigima da Newcastle kafin a samo shi a matsayin daraktan wasanni wata biyar ya yi. An rage ma'aikata wajen 250 a zagayen farko, an sayar da McTominay yaron gida ga Napoli don a daidaita littafi, ya je ya ɗauki gasar Serie A ta Italiya har aka zaɓe shi gwarzon gasar. Kakar 2024/25 aka ƙare a na 15 a Firimiya, Tottenham kuma ta ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao.

Akwai wanda ya rubuto tambaya a takarda, wai da an sayar wa Sheikh Jassim na Katar da ba a huta ba? Bashin dai ya ce zai biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya janye a Oktoban 2023 saboda ba su daidaita a farashi ba. Amma ni ban yarda kuɗin Larabawa kaɗai ke gyara ƙungiya ba. City ba don kuɗin Abu Dhabi kawai ta zama abin da ta zama ba, tun 2012 suka ɗauko Txiki Begiristain da Ferran Soriano, mutanen Barcelona, suka share fili shekara huɗu kafin Guardiola ya iso. PSG kuma ta tara Messi da Neymar da Mbappe ba ta ɗauki kofin zakarun Turai ba, sai a 2025 bayan duk sun watse. A Jamus ma dokar 50+1 ce ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi, a Amurkar kanta Green Bay Packers ta magoya baya ce. Mu nan gida kuma mun san wani nau'in, Kano Pillars ta gwamnatin jiha ce, ta ɗauki gasa a 2012 da 2013 da 2014 a jere sannan ta faɗa a 2022, kuma duk sauyin gwamnati sai an sauya masu riƙe da ita, wannan lacca ce ta wata rana, Alhaji kar ka harare ni. Shugaba yana nuna min agogo, sauran tambayoyin a riƙe su sai bayan sallah.