Shayin Waziri da Sauran Ƙunshi Uku

AUTA: To, ya fara ɗauka. Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da hunturu. Yau muna tsakar gidan Kawu a Mabera, ga Yaya, ga ni, ga tire cike da kofuna. Kun dai san dalili.

YAYA: Sun sani mana. Tun da 'yan Umra suka dawo da kwalayen shayin nan masu ƙanshi, kwana uku ke nan ana musu a zaurenmu na WhatsApp. Wasu na cewa shayi ne, wasu na cewa turare ne aka jiƙa. Shi ne na samo kala huɗu, duk masu lemo da kayan ƙanshi, na cire takardun da ke jikin zaren. Ni kaɗai na san wanne ne wanne.

KAWU: Madalla. Amma kafin a kai kofi baki, minti nawa kinka bar su cikin ruwa?

YAYA: Biyar, Kawu. Na kuma rufe kowane kofi da faranti kamar yadda ka ce.

KAWU: Allah shi yi miki albarka. Nan mutane ka fara zaluntar shayi. Wanga ƙunshi mai zare, abin da ke cikinshi bai wuce giram 2 ba. Masu sana'ar ɗanɗanon shayi na da ƙa'ida rubutacciya, ISO 3103, giram 2 ga ruwa mililita 100, a bar shi minti 6. Mu ko sai mu ɗauko moɗa guda, mu tsoma ƙunshi ɗaya sau biyu, mu fidda, sannan mu ce shayin lami ne. Rufewar kuma, ƙanshin ɓawon lemo mai ne, tururi ka ɗauke shi. In kofi na buɗe, ɗaki ne za shi sha daɗin, ba kai ba.

AUTA: Kofi na farko. Kai! Wannan ai turaren Yaya ne.

YAYA: Sha dai tukuna.

KAWU: Ku kurɓa da ƙara, iska ta shiga tare da ruwan, hakanan masu sana'ar ka yi. Hmm. Baƙin shayi ne na gaske a ƙasa, ga baurinshi ya kama gefen harshe. Ƙanshin na sama, kamar lemon tsami ya haɗu da fure. Amma ku lura, babu tsami ko kaɗan. Wanga Earl Grey ne.

YAYA: Shi ne.

AUTA: To ina lemon, in babu tsami?

KAWU: Ba ruwan lemo anka sa ba, man ɓawo ne. Wani irin lemo ne da aka kira bargamot, ba a shan shi awa lemon zaƙi don ɗaci gare shi, ɓawon aka so. Mafi yawanshi a Kalabiriya aka noma shi, can ƙarshen kudancin Italiya. Kuma Auta, hancinka bai yi ƙarya ba, man nan shina cikin turaruka da yawa. Shi yas sa wanda yas saba da turare ka jin kamar kwalba anka zuba mishi a kofi.

YAYA: Ni abin da ya ba ni mamaki, jiya na zuba masa madara bai tsinke ba. Da lemon tsami na matsa, da tuni ta yi guda-guda.

KAWU: Tsami ka tsinka madara, ba ƙanshi ba. Tun da babu tsami, madara ta zauna lafiya.

AUTA: Shi wannan Earl ɗin, sunan yanka ne?

KAWU: Sarauta ce ta Ingila. Sunan mutumin Charles Grey, ya yi firayim minista daga 1830 zuwa 1834.

AUTA: Ashe Waziri ne! Shayin Waziri ke nan.

YAYA: (dariya) Wallahi ya fi daɗin faɗa.

KAWU: Kun san ko wa ke Waziri a nan garin sa'ad da shi ke mulki can? Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi yak karɓi baƙuncin Baturen nan Clapperton da yaz zo 1824, yad dawo kuma yar rasu nan Sakkwato 1827.

AUTA: To in wannan Waziri ne, sauran ma sai an naɗa su. Mai citta Sarkin Yaƙi.

YAYA: Mai kanumfari kuma Magajin Gari, don duk gidan da ka shiga yana nan.

AUTA: Na'a-na'a fa?

YAYA: Ai mace ce. Magajiya.

AUTA: A'a, Uwar Soro. Kimba kuma Sarkin Dogarai, ba ya dariya da kowa.

KAWU: Kimba ba ta kai masoro tsare gida ba.

AUTA: To masoro Sarkin Dogarai, kimba mataimaki. Shayin Buzaye fa, Kawu? Wannan da ake dafawa sau uku a 'yar buta?

KAWU: Wanga ba a naɗa shi, da rawaninshi yaz zo.

YAYA: (dariya) Har da amawali! Ku bari haka nan, kofuna na hucewa.

AUTA: Saura sukari. Sukari Ma'aji.

YAYA: Auta! Kofi na biyu.

KAWU: Wanga fari ne, babu ganyen shayi cikinshi. Hanci na jin lemo ƙwarai, har ya yi yawa, awa alewa. Bari in kurɓa. To, ku yi shiru ku jira maƙogwaro. Kun ji wani abu?

AUTA: Ɗan ɗumi kaɗan. Ya wuce.

KAWU: Shi ke nan abin da ni ka faɗi tun ranar da anka fara musun nan. Wuri uku aka auna irin wanga shayi: hanci, harshe, maƙogwaro. Kamfani ya san hanci ka sayen kaya, don shi ka fara gaisawa da kwali. Sai a zuba ƙanshi a wadace, a rage abin da kan kai maƙogwaro. An rubuta lemo da citta, to ina cittar? Citta ta gaske ba ta gaisuwa ta wuce, zama ta kan yi, ka ji ta har ƙirji, zufa ta tsattsafo maka ga goshi ko da ana sanyi.

YAYA: Bari in karanta bayan kwalin, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Akwai citta, akwai ciyawar nan mai ƙanshin lemo, akwai ɓawon lemo, sai kuma kalmar da suke sawa ta ɗanɗanon da aka ƙara.

KAWU: Yawwa. Ku riƙa juya kwali, jama'a. Abin da yaf fi yawa shi aka fara rubutawa, ƙa'idar ke nan. In kun ga ɓawon lemo can ƙarshe, ƙanshin da kunka ji ba daga ɓawo yaf fito ba. Ba haram ba ne, ba kuma guba ba ne, amma mutum shi san abin da yas saya. Ni abin da ka ci mini rai, ƙasar da ke da cittar Kachia da Kwoi, wadda 'yan kasuwar duniya ka nema saboda yajinta, a ce ɗiyanmu na yabon wagga inuwar citta. Ku tahi Tsohuwar Kasuwa ku sayi busasshiya, ku daka, rabin ƙaramin cokali ya fi ƙunshi uku na wanga. Busasshiya ta ma fi ɗanya yaji.

YAYA: Amma Kawu, a yi adalci. Tun da cutar nan ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, kowace uwar gida ta ji a jikinta. Kuma wadda za ta fita aiki ƙarfe bakwai, ga yara, ga abin kari, ba ta da lokacin turmi. Ni a ofis wannan nake sha, ya fi mini ruwan zafi zalla.

KAWU: Ban ƙi ba, ɗiyata. Sauƙi na da haƙƙinshi. Ki sha, amma ki aje garin citta a 'yar kwalba cikin jaka, ki barbaɗa. Kin gyara shi.

AUTA: An sauke Sarkin Yaƙi ke nan.

YAYA: An dai ba shi hutu. Na uku.

KAWU: Bismillah. Af! To, wanga da magana. Ku shinshina. Ɓawon lemon zaƙi ne, ba na tsami ba, ga kirfa, ga kanumfari na biye. Ƙanshin bai yi tsalle ya tare ka bakin ƙofa ba, sai da ka shigo. Kurɓi, Auta. Mi kaj ji?

AUTA: Kamar da sukari a ciki.

YAYA: Ban sa ko ƙwaya ba.

KAWU: Aikin kirfa ke nan, ta kan sa baki shi ji zaƙi ba tare da sukari ba. Wanda likita yac ce ya rage sukari, ga abokin tafiya. Sannan jira kaɗan, harshe zai ɗan yi nauyi, wanga kanumfari ne, shi yas sa tsofaffi ka danna shi ga haƙori mai ciwo. Ga kuma ganyen na riƙe da su duka, baurinshi bai ɓace ba. Haɗi ke nan, kowa ya san wurin zamanshi. Fasa mini ƙunshin in gani.

YAYA: Ga shi a faranti.

KAWU: Kun gani? Ga gutsattsarin ɓawo ana gani da ido, ga ɓarɓashin kirfa. Ganyen ne dai anka niƙe ƙanana, kuma da gangan ne, don shi saki launi da wuri. Shi yas sa in ka manta ƙunshi minti goma cikin kofi sai ɗaci da maƙaƙi, balle wanda ka matse shi da cokali.

AUTA: Duk mai shayin da na sani yana matsewa.

KAWU: Shi madara da sukari za su rufe mishi. Wanga ko ba a matsa shi. Kirfar ma iri biyu ce. Ta Siri Lanka siririya ce, a naɗe awa takarda, ƙanshinta sanyi-sanyi. Mai kaurin ɓawo da munka fi gani a kasuwa daga wajen Sin da Indunusiya ta ke zuwa, ta fi ƙarfi da yaji. Ta cikin kofin ga, bisa ga yadda ta ke cizo, na fi zaton mai kaurin ce. Kanumfari kuma, in kun ji ana Zanzibar, tsibirin Pemba ne gidanshi a can.

YAYA: Wannan kowane ƙunshi da 'yar ledarsa a rufe. Na biyun kuwa zube suke cikin kwali.

KAWU: To kin gano rabin sirrin. Garin ga da bazara zafi ka wuce digiri 40. Kwali shi kwana shi wuni cikin shago mai rufin kwano wata da watanni, wane mai ne za shi tsaya? Sau da yawa ba kamfani ne yay yi ha'inci ba, rana ce tash shanye rabonka. In za ku saya, ku nemi mai leda ɗaiɗai, ku duba kwanan wata, a gida kuma a sa cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu, nesa da daddawa.

AUTA: Da sabulu. Akwai wanda ya rubuto ya ce nasa ƙanshin sabulu yake.

YAYA: Ganyen shayi ai duk abin da ke kusa da shi sai ya ɗauka.

AUTA: Ni kuma ina da tambaya. Me zai hana mutum ya sayi ganyen Mambila, na Kakara, ya shanya ɓawon lemonsa a inuwa, ya haɗa da kansa?

KAWU: Babu. Ƙaramar hukumar ma sunanta Sardauna, ka ga ba baƙo ba ne a gare mu. Sai dai a kankare farin cikin ɓawon, shi ke da ɗaci, a wanke lemon da kyau kafin a fere. Gwaggonku ta shekara tana yi, ita har da...

YAYA: Kawu, saura minti kaɗan a kira magariba, ga na huɗu ko taɓa shi ba a yi ba.

KAWU: Miƙo. Ja wur. Ba sai na sha ba, amma bari. Hmm. Zoɓo ne. Zoɓo da ɓawon lemo da 'yar kirfa.

AUTA: Zoɓo? Daga Saudiyya?

YAYA: A Turai aka ƙunsa shi, a Makka aka saya. Zoɓo ne farko a jerin.

KAWU: Buhu-buhu aka lodinshi a Maigatari a kai Meziko da Turai. Ba mamaki ɗan gida ne yad dawo da sabuwar riga. Kada dai kowa shi zuba mishi madara, wanga tsami ne na gaske. Da sanyi zai fi, a aje shi sai azumi.

AUTA: To sarautarsa fa? Sarkin Baƙi?

YAYA: Baƙo a ina, ɗan gari ne. Auta, maki. Mun yi alkawarin za mu jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu.

AUTA: Ni Waziri. Kawu na uku, ba sai an tambaya ba. Yaya?

YAYA: Ni ban gama da na ukun ba, ina so in gwada shi da madara tukuna, kuma akwai saƙon baiwar Allah daga Illela da ta tambayi...

KAWU: Ga shi an fara kira. Auta, ɗauko buta. Ɗiyata, rufe mini na ukun nan da faranti, ina dawowa gare shi.

AUTA: Saƙon Illela sai mako mai zuwa. Yaya, ina ake kashewa?