Yadda farar hodar fenti ta zama na'urar sola

Masu kallo, ku dubi wannan farar hoda. Sunanta titaniyom dayoksaid, kuma ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, domin ita ce ke sa fenti ya yi fari fat. A 1972, masana biyu a Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa in haske ya sauka a kan wannan sinadari, yana iya raba ruwa ya koma iskar haidirojin da oksijin. Sai dai hasken da yake amsawa na ultrabayolet ne kawai, wato wani haske da ido ba ya gani, wanda bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba.

Sai aka ce to a shafa masa rini: rinin ya kama haske, ya saki ilektiron, wato ƙwayar lantarki, sinadarin ya karɓa ya miƙa wa waya. Nan ma aka ci karo da cikas. Rinin da ya taɓa jikin sinadarin ne kaɗai ke aiki, kuma shafi ɗaya siriri a kan shimfiɗaɗɗen fili ko kashi 1 cikin 100 na hasken ba ya kamawa.

A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel, malami a Lozan ta ƙasar Suwizalan, suka fito da mafita a mujallar Nature. Maimakon fili sumul, sai suka yi amfani da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, kowace kimanin nanomita 15 zuwa 20. Nanomita ɗaya fa, mita guda ce aka raba gida biliyan. Suka shimfiɗa su a kan gilashi, suka gasa har suka manne da juna, suka zama kamar soson wanka, ko'ina ƙofofi. Rini ya kutsa kowane lungu. Faɗin gilashin bai ƙaru ba, amma filin da rini zai kwanta ya ninka sau ɗaruruwa. Nan take na'urar ta mayar da sama da kashi 7 cikin 100 na hasken rana lantarki. A ganina, wannan na cikin dabaru mafi kyau a tarihin sola: sinadarin bai canja ba, girman ƙwayarsa kawai aka taɓa.

Su rinin ƙarfen ruteniyom suka sa, mai tsada. Amma a jami'o'in Najeriya an gwada ruwan zoɓo da lalle, kuma wuta ta fito, ko da yake kaɗan ce ƙwarai.

Daga wannan tsari ne wani masani a Japan, Tsutomu Miyasaka, ya musanya rinin da wani sinadari mai suna ferobeskayit a 2009, ya samu kashi 3.8. Yau irinsa ya haura kashi 25 a ɗakin gwaji. Abin da ke hana shi cika kasuwa shi ne zafi da danshi suna lalata shi da wuri, ga kuma dalma a cikinsa. A kan waɗannan biyun masana ke ta fama yanzu.