Titi Ba Gadon Mai Mota Ba Ne

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Akwai wani ƙorafi da na gaji da ji. Da zarar matasa sun haɗu sun hau kekunansu da sanyin safiya suna zaga gari a ayari, sai ka ji mai mota ya danna oda kamar zai fasa kunne, ya leƙo ta taga yana zagi, wai 'yan zaman kashe wando sun tare masa hanya.

Hanyar wa? Ayarin kai amarya yakan rufe titi ruf, har da wasan mota, babu mai cewa uffan. Babban mutum ya taho da jiniya, kowa ya raɓe gefe ya jira. Sai ɗan keke, wanda ko hayaƙi ba ya fitarwa, shi ne mai laifi? Haba jama'a! Titi ba gadon mai mota ba ne.

Ku tambayi kanku abin da ya sa suke fita tare. Ɗan keke shi kaɗai ba a ganinsa. A-daidaita-sahu ta yanko gabansa, tirela ta matse shi har bakin kwata, mai mota ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiwaya ba. Marigayi Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a 2001 ya hau keke a Abuja don ya nuna wa mutane misali, bas ta ture shi cikin rami. Minista ke nan fa. To ina ga ɗalibi ko lebura da ya koma kan keke tun da aka cire tallafin man fetur a 2023? Idan suka zama ayari, dole direba ya gan su, dole ya taka birki.

Masu cewa wannan wasan Turawa ne, su sake tunani. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 aka faro al'adar bar wa masu keke titi, yau kuwa duk ranar Lahadi ana hana motoci bin tituna masu tsawon fiye da kilomita 100, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyu na rana. Kigali ta Ruwanda ta ware ranakun hana mota tun 2016. Kasuwanninsu ba su mutu ba.

Gaskiya ne, wasu mahayan suna karya dokar danja, wasu suna bin hannun da ba nasu ba. A hukunta su, ban hana ba. Amma laifin mutum biyu ba ya ƙwace wa sauran haƙƙinsu, domin da kuɗin kowa aka zuba kwaltar nan, ba da na masu mota kaɗai ba.

Saboda haka gwamnatocin jihohi su ware wasu manyan tituna, ko da awa uku ne a ƙarshen mako, jami'an kiyaye haɗurra su tsaya a mahaɗar hanyoyi su karkatar da motoci, sannan duk sabon titin da za a shimfiɗa a fitar wa keke layinsa tun daga zane.