Dala 2,000 na ɗumama gida a Amurka: wa zai samu, wa zai tashi a tutar babu?

[Hoto: waya a hannu, saƙon murya na WhatsApp yana tafiya]

Assalamu alaikum jama'a. Idan kuna cikin wani gurup na 'yan uwanmu mazauna Amurka, ko na Bronx ne ko na Greensboro, da wuya a ce irin wannan saƙon bai iso muku ba. Wai duk wanda ya sa sabuwar na'urar ɗumama gida, gwamnati za ta turo masa dala 2,000 cikin asusunsa. A kan haka wasu har sun fara lissafin kuɗin jirgin zuwa gida.

Ku dakata da sayen tikiti tukuna. Maganar tana da tushe, rangwamen haraji ne na gaske, amma akwai layi ɗaya a takardar harajinku da zai yanke hukuncin ko za ku ga dubu biyun nan cif, ko rabinta, ko ba ko sisi. A kan wannan layin za mu zauna yau. Sauran bayanan a guje za mu wuce su.

[Hoto: dusar ƙanƙara a kan rufin gidaje, sai na'ura a bayan gida, fankarta tana juyawa]

Ga asalin abin. A watan Agustan 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar rage hauhawar farashi, kuma a cikinta aka faɗaɗa wani tsohon rangwame ga masu gyara gidajensu don su rage shan wuta da gas. Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025, an ba ka damar cire kashi 30 cikin 100 na abin da ka kashe daga harajin da IRS, hukumar tara harajin tarayya, ke binka, amma da iyaka.

Wannan da kuke gani tana juyawa ita ce hit-fam, famfon ɗumi. Aikinta irin na na'urar sanyaya ɗaki ne, sai dai tana iya juya akala: da zafi ta kwashe zafin ɗaki ta kai waje, da sanyi ta janyo ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi. E, ko a cikin sanyin Janairu akwai sauran ɗumi a iska. Ita ce mai rabo mafi tsoka, har dala 2,000 a shekara. A rukuninta akwai irinta mai dafa ruwan wanka, da murhun itace na zamani da ingancinsa ya kai kashi 75 cikin 100.

[Rubutu a allo: 2,000 + 1,200 = 3,200]

Rukuni na biyu iyakarsa dala 1,200 gaba ɗaya. Na'urar ɗumama gida mai aiki da gas ko mai, ko boila, dala 600 kowacce. Tagogi 600. Ƙofa 250, dukkan ƙofofi 500. Kiran ƙwararre ya duba inda gidan ke zubar da ɗumi, 150. Idan ka cike rukunan biyu, dala 3,200 ke nan a shekara. Kuɗin aikin masu haɗa na'urar ɗumi yana shiga lissafi, na masu sa taga da ƙofa ba ya shiga.

To shi ke nan, an gama da wannan. Ku tsayar da bidiyon ku ɗauki hoton allon in kuna so.

[Hoto: kalanda, an zagaye 31 ga Disamba 2025 da jan biro]

Abu na biyu, shi ma a gurguje, amma ku riƙe shi da kyau. Ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da ta datse wannan rangwamen. Da farko an tsara ya kai har 2032, sai aka rufe ƙofa bayan 31 ga Disamban 2025. Kuma ranar da ake dubawa ita ce ranar da aka gama haɗa na'urar ta fara aiki. Idan ka biya kuɗi a Disamba, mai aikin ya ce sai bayan hutu, ya zo ya haɗa a Janairun 2026, to sai haƙuri. Duk mai talla da ya ce maka ka saya yanzu gwamnatin tarayya za ta mayar maka da kashi 30, tsohon labari yake ba ka.

Wannan bidiyon na waɗanda aka riga aka haɗa wa tasu ne, suna shirin cike takardun harajin 2025.

[Hoto: Fom 1040, shafi na biyu, kyamara tana matsowa a hankali zuwa layi na 18]

Yanzu mu zauna. Hotuna masu kyau sun ƙare, daga nan sai takarda da lambobi, ku yi haƙuri da ni.

Wannan shi ne layi na 18 a Fom 1040, babbar takardar harajin shekara. Abin da ke nan shi ne harajin kuɗin shigar da ya hau kanka a shekarar baki ɗaya, bayan an cire abin da doka ta yafe wa kowa. Rangwamen ɗumama gida daga cikin wannan adadin kaɗai yake ci. Zai iya rage shi, zai iya mayar da shi sifiri, amma ba zai wuce sifiri ba.

Kamar mai shagon unguwa ne ya ce maka, "Na yafe maka dubu biyu daga bashin da nake binka." Idan dubu biyar yake binka, ka samu sauƙin dubu biyu. Idan ɗari takwas yake binka, bashin ya mutu, amma ba zai buɗe aljihu ya ba ka canjin dubu ɗaya da ɗari biyu ba. Kuma ba zai rubuta maka ragowar a littafi ba don baɗi. Abin da ba ka ci ba a wannan shekarar ya tafi ke nan.

[Allo ya rabu biyu: gida na farko, gida na biyu]

Mu ɗauki gidaje biyu a matsayin misali, kowanne miji da mata masu cike takarda tare, babu yara, don lissafin ya yi sauƙi. Kowanne ya kashe dala 9,000 a kan famfon ɗumi. Kashi 30 na wannan dala 2,700 ne, amma iyaka 2,000 ce, saboda haka dukkansu 2,000 suke hange.

Gida na farko albashinsu dala 80,000 ne a shekara. A 2025 ma'aurata ana yafe musu dala 31,500 kafin a fara lissafin haraji. Saura 48,500. Harajin da ke kan wannan ya haura dala 5,300 kaɗan. Akwai wurin da dubu biyu za ta shiga ta zauna daram. Sun samu duka.

Gida na biyu dala 45,000 suke samu. A cire 31,500, saura 13,500. Harajinsu kashi 10 cikin 100 ne, wato dala 1,350. To rangwamensu 1,350 ne, ya tsaya nan. Dala 650 ta bi iska.

[Kyamara ta tsaya a kan 650]

Na'ura ɗaya, farashi ɗaya, sanyi ɗaya. Wanda ya fi ƙarfi ya samu cikakke, wanda ya fi buƙata ya samu ragi. A ganina wannan gurguwar dabara ce, tunda mai ƙaramin ƙarfi ne kuɗin gas ya fi ƙona wa aljihu a watan Fabrairu. Amma haka dokar take, ba ni na rubuta ta ba.

[Hoto: takardar W-2, yatsa a kan akwati na 2]

Nan kuma ga inda wasu suke kuskure ta ɗaya ɓangaren. Sai ka ji mutum ya ce, "Ai ni duk shekara IRS ce ke mayar mini da kuɗi, ba na biyan komai a watan Afrilu, saboda haka wannan rangwamen ba nawa ba ne." A'a, Malam. Kana biya, tun kafin albashin ya shigo hannunka ake yanka. Duba akwati na 2 a W-2 ɗinka, takardar albashin shekara da wurin aiki ke ba ka, ga shi nan, abin da wurin aikinka ya riga ya tura wa gwamnati da sunanka.

Mu koma gida na biyu. A ce a tsawon shekara an yanke musu dala 2,500 daga albashi. Harajinsu na gaskiya 1,350 ne, don haka da babu na'urar, dala 1,150 za a mayar musu. Da rangwamen, harajin ya zama sifiri, sai a mayar musu da 2,500 ɗin duka. Kuɗi ya shigo asusu kuwa, har ya ƙaru da 1,350. Amma ku lura da kyau, kuɗinsu ne da aka riƙe aka sako musu. Gwamnati ba ta ƙara ko sisi daga nata ba.

Saboda haka kar ka tambayi kanka ko ana mayar maka da kuɗi ko kai kake cikawa. Buɗe takardar ka ga abin da ke layi na 18. Idan ya kai dubu biyu ko ya wuce, akwai alamar za ka ci duka, sai dai in kana da wasu rangwamen da ke gaba da shi a layi, kamar na kuɗin makaranta ko na masu renon yara. Idan sifiri ne, ko na'urar dala dubu ashirin ka sa, babu abin da zai fito.

[Hoto: titin New York da dare, mota mai ɗaukar fasinja]

'Yan uwa masu tuƙin Uber da tasi, ku matso, wannan taku ce. Ku ba W-2 ake ba ku ba, kuna cike takarda a matsayin masu aikin kansu. Bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota da inshora, sau da yawa harajin kuɗin shigarku kaɗan ne. Babban abin da kuke biya shi ne harajin masu aikin kansu, kashi 15.3 cikin 100, na fansho da kiwon lafiyar tsufa. Wannan a layi na 23 yake sauka, ƙasa da inda rangwamen ke aiki. Rangwamen ba ya taɓa shi. Direba zai iya ganin IRS tana binsa dala 4,000, ya ce alhamdulillahi za a cire dubu biyu, alhali abin da ke layi na 18 bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Waɗannan 'yan ɗaruruwan kaɗai za a cire.

Masu yara kuwa, kuma na san yawancinmu masha Allah gida cike yake, ku kwantar da hankali. Ana fara cire na ɗumama gida kafin rangwamen yara. Shi na yaran, dala 2,200 ne kan kowane yaro a 2025, kuma har 1,700 daga ciki ana iya biyan mutum ko da harajinsa ya ƙare, gwargwadon abin da ya samu da guminsa. Don haka kar ka ce na yara ya riga ya cinye harajina ka ƙi cike fom ɗin. Ka cike, ka bar manhajar cike haraji ta jera su yadda doka ta tsara.

[Hotuna suna wucewa da sauri: rasit, lambar jikin na'ura, Fom 5695]

Saura cikewa, kuma wannan ba wuya. Fom 5695, kashi na biyu. Adadin zai wuce Jadawali na 3, daga nan ya shiga 1040.

Na'urar da aka haɗa a 2025 tana buƙatar lambar kamfanin da ya ƙera ta, haruffa da lambobi guda huɗu, ana ce mata QMID. In babu ita, babu rangwame. Tana shafin kamfanin a intanet, ko ka tambayi wanda ya haɗa maka. Ba kowace sabuwar na'ura ce ta cancanta ba, sai wadda ta kai matakin ingancin da aka gindaya, don haka ka nemi takardar shaidar kamfanin ka ajiye tare da rasit. Ba a tura su IRS, amma ranar da aka tambaya a same su.

Idan kamfanin wutarku, irin su Con Edison a New York, ya ba ka tallafi a kan sayen na'urar, cire shi tukuna kafin ka ɗauki kashi 30. Gidan dole ya kasance a Amurka, tsohon gida ba sabon gini ba, kuma kana zaune a ciki. Mai gidan haya da ba ya kwana a gidan ba ya ciki. Ɗan haya da ya sayi na'urar da kuɗinsa yana ciki. Gidan da kake ginawa a Kano ko Maraɗi, Alhaji, ba ya ciki, kuma ban san me za ka ɗumama a Maraɗi ba.

[Hoto: ofishin mai cike takardun haraji, kujeru a jere]

Wa'adin takardun 2025 shi ne 15 ga Afrilun 2026. Wanda ya nemi ƙarin lokaci yana da har 15 ga Oktoba. Idan kuma tun 2023 ko 2024 ka sa taka ka manta ba ka nema ba, akwai Fom 1040-X na gyara, kuma kana da shekara uku daga lokacin da ka shigar da ta farko. Waɗannan shekarun biyu ba sa buƙatar lambar kamfani.

Idan wani ne ke cike maka, ka ce ya nuna maka layi na 18 kafin ya yi maka alkawarin komai, kuma ka tabbata ya sa hannu da lambarsa ta PTIN, lambar shaidar da IRS ke ba masu cike wa mutane haraji, a ƙasan takardar. Wanda ya ƙi sa sunansa, ko ya ce ladansa kaso ne daga abin da za a mayar maka, tashi ka ba shi wuri. Idan aka cusa rangwamen da ba ka cancanta ba, wasiƙar IRS sunanka za ta ɗauko, kai za ka mayar da kuɗin da ruwa a kai, wataƙila har da tara.

A bidiyo na gaba za mu duba na masu sola da famfon ɗumi mai janyo zafi daga ƙarƙashin ƙasa. Shi ma an rufe shi a ƙarshen 2025, amma yana kashi na farko na wannan fom ɗin, ba shi da iyakar dala 2,000, kuma ƙa'idarsa a kan ragowar da ba a ci ba daban ce. Sai mun haɗu.