Su biyu a benci ɗaya, kowa da abin da ya gani

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ku kuka zaɓa mana abin tattaunawa, don tun ranar Asabar zaurenmu na WhatsApp bai huta ba.

Sadiq: Maganar karon Kawo.

Zainab: Ita. Mutum biyu suna zaune a teburin mai shayi ɗaya, keke da mota suka yi karo a gabansu. Ɗaya ya rantse motar fara ce kuma a guje ta zo, ɗayan ya ce ruwan toka ce, mai keken ne ya kutso. Har yau ba sa ga-maciji. Malam Nura, tun a mota kake ta ƙunƙuni.

Malam Nura: Abin da ya dame ni, Zainab, yadda aka yi ta jifan juna da "maƙaryaci". Mai yiwuwa ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mutane suna ɗauka abin da ido ya gani yana nan ajiye cikin kai yadda yake. A'a. Guntu-guntu ake ajiyewa, ranar da ka zo tunawa sai ƙwaƙwalwa ta harhaɗa. Kamar tela ne aka kawo masa yadi bai isa ba, ya cike da ƙyallen da ke kusa da shi, kuma ɗinkin ya yi kyau har ba ka ganin inda aka yi haɗin.

Sadiq: Amma Malam, launin mota fa. Fari da ruwan toka ai ba a ruɗewa.

Malam Nura: Ana ruɗewa sarai, in hankalinka yana kan mai keken da ya faɗi. A 1999 wasu masana biyu a Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, aka ce su ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsakiyar wasa wani ya ratso sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam.

Zainab: Goggon biri guda!

Malam Nura: Guda, kuma idonsu a buɗe yake. To bari in ba ku wanda ya fi tayar min da hankali. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer, can a Amurka, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka "ragargaza" juna sun ce sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu "suka taɓa juna" sun ce kusan 32. Fim ɗaya fa. Sai aka sake da wasu ɗaliban, bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi a fim ɗin. Cikin 50 da suka ji kalma mai zafin, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka ce musu "suka bugi juna", 7 kawai. Yanzu ku duba abin da ke faruwa a titi: kafin a ɗaga mai keke, mutum goma sun taru, wani ya ce "kai, ai gudu yake kamar zai tashi sama". Shi ke nan, maganar ta shige cikin abin da ka gani. Gobe in aka kira ka shaida za ka faɗa da zuciya ɗaya.

Sadiq: To ni akwai tambayar da ke cina. Me ya sa mai bin bashi ba ya mantuwa, sai wanda ake bi?

Zainab: Sadiq, kar ka soma.

Sadiq: Tambayar ilimi ce! Akwai wani a unguwarmu a Tudun Wada, yana tuna sakamakon wasan ƙwallo na shekara goma baya, har minti nawa aka ci, amma dubu biyun mai kanti ta ɓace masa.

Zainab: Ai in ya hango mai kantin sai ya tuna, shi ya sa yake canza layi.

Sadiq: Har ya gano wani lungu da ke ɓullewa bayan masallaci. Mutumin ya zama masanin taswira saboda dubu biyu.

Malam Nura: Ku yi dariya, amma akwai gaskiya a ciki. Mai kanti kullum yana buɗe littafinsa, yana ganin sunan. Maimaitawa ce a kai a kai, ita ke riƙe abu. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa wannan tun 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana gwada kansa, ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya take lafawa. Malamanmu na allo sun daɗe da sanin haka a aikace. Ba a wanke allo sai yaro ya biya, kuma wanda ya sauke ba ya barin tilawa. Ɗalibin da ya kwana yana cusa littafi guda daren jarrabawa...

Zainab: Malam, Malam, ana mana alama lokaci ya tafi. Mun yi alkawarin faɗa wa mutane yadda ake tambayar shaida ba tare da an sa masa magana a baki ba.

Malam Nura: A raba su tukuna, kowa ya faɗi nasa da bakinsa kafin ya ji na wani, kuma kar a ce "ka ga gilashin?", a ce "me ka gani?" Sauran sai mako mai zuwa.

Sadiq: Mai kantin Tudun Wada, in kana jinmu, ka tsaya ta bayan masallaci.

Zainab: Sai an jima, jama'a.