Yis Ba Ya Cin Kara: Matakin da Ake Yankewa a Bidiyon "Mai Daga Shara"

Masu kallo, wataƙila kun ci karo da irin bidiyon nan da ke yawo a wayoyi, inda ake nuna mutum yana zuba ragowar abinci da ɓawon kayan marmari da busasshen kara a cikin duro, ya rufe bakinsa, sai kuma a hoto na gaba a gan shi yana ɗura wani farin ruwa a tankin babur. Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuka aiko mana ita ce ko gaskiya ne ko damfara. Gaskiya ne ana samun makamashi daga shara, kuma akwai masana'antun da suke yin hakan a yau, amma tsakanin hoton farko da na biyu an yanke wani mataki, kuma a wannan matakin ne wahala da tsadar aikin suke.

Waɗannan ƙananan ƙwayoyin da kuke gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma su ne yis. Halitta ce mai rai, kuma idan ta sami sukari a wurin da babu iskar shaƙa sai ta ci, ta fitar da abubuwa biyu: barasar da ake kira itanol, da iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kumfar da ke tasowa a saman kwalbar nan. Wannan shi ake nufi da tsimawa, kuma tun a ƙarshen shekarun 1850 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa aikin halittu masu rai ne. Daga giram 100 na sukarin gulukos, iyakar abin da za a iya samu shi ne giram 51 na itanol, sauran giram 49 kuwa iska ce. Ke nan kusan rabin nauyin sukarin ya tafi sama tun kafin a yi maganar riba.

Abin da masu bidiyon ba su faɗa ba shi ne, yis ɗan gata ne wajen abinci. Sukarin da ya narke a ruwa kaɗai yake iya ci. Shi ya sa Birazil, wadda ta ƙaddamar da shirinta na man itanol a 1975 bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973, ta dogara ga rake, domin ana matse shi sai a miƙa wa yis ruwan kai tsaye. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa samar da itanol, da masara take aiki, kuma a nan an ƙara mataki ɗaya, domin masara sitaci ce, dole a dafa ta a zuba mata wani sinadarin halitta da ake kira inzayim, wanda zai datse sitacin ya koma sukari. Irin wannan inzayim ɗin yana cikin yawun bakinku, shi ne dalilin da ya sa abinci mai sitaci yake fara zaƙi idan aka daɗe ana tauna shi.

Yanzu ku dubi wannan karan da aka tsaga gida biyu, domin a nan za mu daɗe.

Abin da ya fi yawa a jikin kara, da tuƙar rake, da totuwar masara, da garin katako, wani abu ne da ake kira selulos. Abin mamaki, selulos shi ma gulukos ne, daidai da sitaci, an jera shi ɗaya bayan ɗaya har dubbai kamar sarƙa. Bambancin yana ga yadda aka ƙulla su. A cikin selulos kowace ƙwayar gulukos a juye take idan aka gwada ta da maƙwabciyarta, kamar yadda zanen nan yake nunawa, wannan ya sa sarƙar take miƙewa sambal, sannan sarƙoƙin su kwanta kusa da juna su manne ƙam, ta yadda ko ruwa ba ya samun ƙofar shiga tsakaninsu. Inzayim ɗin da ke datse sitaci bai san wannan ƙullin ba, shi ya sa ɗan Adam yake cin ƙwayar hatsi amma ba ya iya rayuwa da karan hatsin. Saniya da gara ma da suke cin irin wannan abu, ƙananan halittun da ke cikinsu ne suke taya su aikin.

Tsiro bai tsaya nan ba. Ya naɗe selulos ɗin da wani abu mai suna hemiselulos, sannan ya dauje su duka da liginin, wanda shi ne yake ba itace taurinsa. Ku ɗauka kamar ginin kankare ne: selulos shi ne rodi, liginin shi ne simintin da ya binne shi. Sukarin yana nan da yawa, amma a kulle yake. Idan kuka zuba yis a kan wannan karan kuka rufe, ko wata guda kuka jira, abin da za ku buɗe ku tarar shi ne jiƙaƙƙen kara mai wari.

Saboda haka masana'anta sai ta fara da fasa ginin. Ana niƙa karan, a zuba shi a wannan tukunyar ƙarfe, a cika ta da tururi mai zafin da ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, a riƙe na 'yan mintuna, sannan a buɗe bakinta farat ɗaya. Ruwan da ya shige cikin karan yana komawa tururi nan take, sai ya tarwatsa shi daga ciki, abin da ke fitowa kuwa shi ne wannan baƙin ɓaɓɓakin da kuke gani. Wasu masana'antun ruwan asid marar ƙarfi suke amfani da shi, wasu kuma sinadarai masu kaifi irin na soda. Manufar dai ɗaya ce, a yaye liginin domin a kai ga selulos.

Bayan nan ne ake zuba inzayim na musamman mai datse selulos, kuma labarin inda aka samo shi ya cancanci mu ɗan ratse. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa da saurin da ya ba su mamaki. Da aka bincika sai aka tarar wata fumfuna ce take cinye su, domin auduga kusan tsantsar selulos ce. Fumfunar da ta ɓata wa soja tanti ita ce daga baya aka raɗa wa suna Trichoderma reesei, don girmama masanin da ya yi nazarinta, Elwyn Reese, kuma har yau zuriyarta ake kiwo a manyan tankuna domin a tatsi wannan inzayim. Aikin nasa yana tafiya a hankali, yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku a zafin wajen digiri 50, kuma inzayim ɗin kansa ba arha gare shi ba.

Ko a nan ma da sauran rina a kaba. Zafin da ya fasa karan yakan ƙona wani ɓangare na sukarin, ya haifar da sinadarai irin su furfural da asid ɗin asetik, waɗanda suke raunana yis ko su hana shi aiki. Idan aka sassauta zafin, karan ba zai buɗe ba. Idan aka tsananta, an zuba wa yis guba a abincinsa. Sannan hemiselulos yana sakin wani sukari daban mai suna zailos, wanda yis na yau da kullum ba ya iya tsimawa, sai da masana suka sauya wa wasu nau'o'insa ƙwayoyin gado kafin su karɓe shi.

A ganina, babu hujjar da ta fi ƙarfi kan wahalar wannan mataki kamar abin da ya sami manyan masana'antun da suka gwada shi. An buɗe ɗaya a Crescentino ta Italiya a 2013, wasu biyu kuma a jihar Iowa ta Amurka a 2014 da 2015, kuma kafin ƙarshen 2019 dukansu uku sun taɓa dakatar da wannan aiki. Wani ɓangare na matsalar ma ba na ilimin sinadarai ba ne: kara abu ne mai cika wuri marar nauyi, jigilarsa tana cin kuɗi, kuma yana zuwa da ƙasa da tsakuwa masu cinye injuna. Birazil ta fi samun sauƙi, domin tuƙar rake tana nan jibge a harabar masana'antar sukari, ba sai an je gona an kwaso ta ba.

Sauran matakan za mu bi su da sauri. Abin da yis ya bari a tanki yawancinsa ruwa ne, domin shi kansa ba ya jure barasar da ta wuce wajen kashi 15 cikin 100. Sai an dafa shi a wannan doguwar hasumiya, itanol ya tashi a digiri 78 ya bar ruwa a baya, sannan a tsane ɗan ruwan da ya rage kafin a gauraya shi da fetur. Liginin ɗin da ya saura kuwa shi ake ƙonawa a samar da tururin aikin.

Haka kuma ba mai kaɗai ake samu ba, domin idan aka sauya halittar da ke cin sukarin, abin da ke fitowa ma yana sauyawa. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya, Chaim Weizmann, wanda yake koyarwa a Manchester ta Ingila, ya yi amfani da wata bakteriya ya samar da asiton da butanol daga sitaci, kuma asiton ɗin ya shiga haɗa albarushin sojan Birtaniya. A yau da irin wannan hanya ake samun asid ɗin laktik, wanda ake yin wata roba da shi, da asid ɗin sitirik da ke ba lemon kwalba tsaminsa.

To, duron cikin bidiyon fa? Ragowar abinci tana da sitaci da sukari, don haka ba ta da taurin kara, kuma akwai ta da yawa: Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022. Amma ruwa ya yi mata yawa, abin da ke cikinta yau daban da na gobe, kuma tana zuwa da nata bakteriya waɗanda suke riga yis cinye sukarin su mayar da shi tsami. Shi ya sa yawancin wuraren sarrafa ta suke barin bakteriya iri-iri su yi aikinsu a rufaffen tanki na tsawon makonni, har a sami iskar gas wadda kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nata metan ne, ana girki da ita ko a kunna janareta. Ke nan idan komai ya tafi daidai, iska duron zai bayar, kuma babu wanda zai iya tsiyaya ta a tankin babur.

Ga wanda yake son gwadawa, kada ya toshe duron ba tare da bututun fitar da iska ba, domin tana taruwa ta fasa shi. Kada kuma ya ajiye shi a cikin ɗaki ko kusa da wuta, saboda metan yana kamawa, kuma tare da shi akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke iya sumar da mutum a wurin da iska ba ta shiga.